Van Leo: Baƙon da ya ƙera fuskokin taurarin Masar

IDAN ana hirar fim, kowa sunan jarumi da jaruma ya ke kamawa. In an matsa a ambaci darakta, in an ƙara matsawa a tuna da mawaƙi. Amma mutumin da ya ɗauki hoton nan da ya sa ka tsaya cak a gaban fosta har ka sa hannu a aljihu, shi kam ba mai tambayar sunan sa. Alhali sau da yawa kafin ɗan kallo ya ji muryar jaruma ko ya ga takun ta, hoton ta ya fara gani, kuma daga nan ne ta ke kwanta masa a rai.

A birnin Alƙahira an yi wani mai hoto da ya shafe shekara 57 ya na wannan aiki, daga 1941 zuwa 1998. Ana kiran sa Van Leo. Ba Balarabe ba ne, ba Musulmi ba ne, ba ma a Masar aka haife shi ba. Duk da haka, yau in aka tashi nuna yadda taurarin finafinan Masar su ke a zamanin da masana'antar ta ke ganiyar ta, da wuya a kammala ba a jawo hotunan sa ba. Omar Sharif, Faten Hamama, Rushdy Abaza, Samia Gamal, Farid al-Atrash, duk sun zauna a kan kujerar sa sun bi umarnin sa: ɗaga haɓa, juya kaɗan, kar ki motsa.

Asalin sunan sa Levon Boyadjian. Haruffan Levon ɗin ya jujjuya ya fitar da Van Leo, domin tun ya na saurayi ya lura cewa a wannan harka suna ma ado ne. An haife shi ran 20 ga Nuwamba, 1921, a garin Jeyhan da ke kusa da Adana a kudancin Turkiyya ta yau. Iyayen sa Armeniyawa ne, kuma mai karatu ba zai gane mutumin ba sai ya san abin da wannan kalma ta ke ɗauke da shi a waccan shekara.

Armeniyawa tsohuwar al'umma ce ta Kiristoci, waɗanda da yawan su su ka rayu ƙarni bayan ƙarni a ƙarƙashin Daular Usmaniyya. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu mulki a Istanbul su ka ba da umarnin a kwashe su daga garuruwan su a kora su hamadar Sham. An karkashe maza, mata da yara kuma yunwa da ƙishirwa su ka gama da su a hanya. Ƙiyasin masana tarihi ya kama daga mutum 600,000 zuwa miliyan ɗaya da rabi. Gwamnatin Turkiyya har yau ba ta yarda a kira abin kisan ƙare-dangi ba, amma mafi yawan masanan haka su ke kiran sa. Bayan yaƙi Faransa ta riƙe yankin Adana, waɗanda su ka tsira su ka fara komowa gida. Sai kuma a watan Oktoba na 1921 Faransa ta sasanta da gwamnatin Mustafa Kamal a Ankara cewa za ta janye sojojin ta. Wata guda bayan haka aka haifi Levon. Wato ya buɗe ido ne a daidai lokacin da mutanen sa ke ɗaure kaya a karo na biyu.

A 1924 iyalin su ka isa Masar. Sun fara zama a Zagazig kafin su koma Alƙahira, inda uban ya yi aiki a kamfanin taba. Zaɓen Masar ba faɗuwa ba ce daga sama. Armeniyawa sun daɗe a can, har ma firaministan ƙasar na farko a 1878, Nubar Pasha, ɗan su ne. Kuma tun a 1909, da aka yi wa Armeniyawa kisan gilla a Adana, Shehun Azhar na lokacin, Salim al-Bishri, ya fito fili ya yi Allah wadai da abin. Ƙasa ce da baƙo zai iya sauke kaya ya numfasa.

Sana'ar hoto kuwa kusan gado ce a wurin su. 'Yan'uwan nan uku da ake kira Abdullah Frères, waɗanda su ka zama masu ɗaukar hoton Sarkin Istanbul a 1863, Armeniyawa ne. A Ƙudus wani limamin cocin su, Yessayi Garabedian, ya buɗe wurin koyar da hoto a cikin harabar coci tun kafin 1860. A Alƙahira akwai Lekegian, akwai Alban, akwai Armand. Can Kanada kuma ga Yousuf Karsh, wanda ya ɗauki shahararren hoton Churchill a 1941, shi ma yaro ne da ya gudo daga garin Mardin. Dalilin ba boyayye ba ne. Wanda aka raba da gona da gida ya na neman sana'ar da za ta shiga akwati, wadda ba ta buƙatar ya iya yaren gari sosai, wadda kuma kawu zai koya wa ɗan ɗan'uwan sa a bayan shago. Kyamara ta cika duk sharuɗɗan nan.

Sai dai shi Levon ba neman abinci ne kaɗai ya kai shi ba. Ɗan kallo ne na gani-kashe-ni. Tun ya na makaranta ya ke tara ƙananan katunan hotunan taurarin Holiwud, ya na zama ya ƙura masu ido. Wani yaron kyan jarumar zai tsaya kallo. Shi kuwa abin da ke cin sa shi ne: ta ina hasken nan ya fito? Me ya sa rabin fuskar ya ke cikin duhu amma idon ya na ƙyalli? Ya shiga Jami'ar Amurka ta Alƙahira, bai daɗe ba ya watsar da karatun ya tafi koyon aiki a wani shagon hoto mai suna Studio Venus. Ka ji fa! Ɗan gudun hijira ya samu gurbi a jami'ar 'ya'yan manya, ya bari ya koma wankin hoto.

A 1941 shi da wan sa Angelo su ka buɗe nasu wurin a cikin gidan iyayen su. Ɗaki guda ya zama situdiyo, banɗaki ya zama ɗakin wanke hoto. Sun kuwa faɗo a kan gaɓa. Yaƙin Duniya na Biyu ya cika Alƙahira maƙil da sojojin Ingila da na ƙasashen da ke ƙarƙashin ta, kuma duk inda soja ya taru sai an kawo masa masu nishaɗantar da shi: mawaƙa, 'yan rawa, 'yan wasan daɓe. Soja na son hoton da zai aika gida, 'yar rawa na son hoton da za a liƙa a ƙofar gidan wasa. Van Leo ya kan ɗauki wasu 'yan wasan kyauta, da sharaɗin a buga sunan sa a jikin takardar shirin wasan su. Talla ce ta mai wayo, domin duk wanda ya zo kallo sai ya koma gida da sunan a aljihu.

A wannan zamani ne ya ɗauki hoton wata 'yar wasa daga Afrika ta Kudu mai suna Teddy Lane. Ya shafe mata fuska da man basilin, ya barbaɗa yashi a kai, sannan ya kashe duk wani haske sai wanda ya ke so. Abin da ya fito fuska ce kawai ta na leƙowa daga cikin baƙin duhu, ba wuya, ba kafaɗa, ba gashi, sai ka ce an sassaƙa ta da dutse. A ce mace ta zo neman hoton da zai fito da kyan ta, a shafa mata yashi, kuma ta zauna! Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin yardar da ake yi masa tun ya na ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

To amma abin da ya fi ɗaure kai a aikin sa na waɗannan shekaru ba hoton kowa ba ne illa nasa. In an tashi daga aiki, kwastomomi sun watse, sai ya juya kyamara ta kalle shi. Ya ɗauki kan sa fiye da sau 400. Yau ya fito a matuƙin jirgin sama, gobe ɗan fursuna, jibi ɗan daba da bindiga a hannu. Ya yi shigar Zorro. Ya tara gemu, ya aske, ya yi ƙwal-kwabo, har shigar mata ya yi da jan-baki da ɗankunne. Kowane hoto da irin hasken sa, kamar an yanko shi daga wani fim da ba a taɓa shiryawa ba.

Wani zai ce son kai ne, ko ɓarnar fim ɗin kyamara a lokacin yaƙi da komai ke tsada. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don mutumin ya san Allah ya ba shi sura, kuma bai ɓoye ya sani ba. Wani kuma zai ce gwaji ne kawai: ba kwastoman da zai zauna maka awa uku ka na matsar da fitila, amma kai za ka zauna wa kan ka. Wannan ma haka ne, kuma a nan ya ƙware. Sai dai in ka jera hotunan ka dube su a tare, akwai abin da ya wuce haka. Ga saurayin da aka haifa a garin da ba zai koma ba, ya tashi a ƙasar da ake yi masa kallon baƙo, ya yi karatu da yaren Ingilishi, ya raɗa wa kan sa sunan da ba na Armeniyawa ba, ba na Larabawa ba. Mutum irin wannan in ya tsaya gaban kyamara ya na sauya kamanni sau ɗari huɗu, da wuya a ce wasa kawai ya ke yi. Abin sha'awa, bayan shekara talatin da wani abu an sake ganin irin haka a nan Afrika: Samuel Fosso, yaron da yaƙin Biyafara ya raba da gida, ya buɗe shagon hoto a Bangi a 1975 ya na ɗan shekara 13, shi ma da dare sai ya ƙarasa ragowar fim a kan kan sa cikin shiga iri-iri. Masana a Turai sun fi son kwatanta Van Leo da Ba'amurkiyar nan Cindy Sherman, wadda ta yi suna da irin wannan salo daga 1977. Amma Fosso ya fi kusa da shi a labari.

A 1947 'yan'uwan su ka raba gari. Van Leo ya sayi wani shago mai suna Studio Metro a lamba 7, Titin Fu'ad, a tsakiyar birni, kuma a nan ya zauna har ƙarshen aikin sa. Lokacin masana'antar fim ta Masar ta kankama. Tun 1935 attajirin nan Talaat Harb ya gina Studio Misr, finafinan ƙasar na zagaya duk duniyar Larabawa, kuma duk yarinyar da ke mafarkin shiga fim ta san sai da hoto mai kyau za ta tunkari furodusa.

Yaya ya ke aikin? Da farko dai ba ruwan sa da hasken rana. Fitilu ne, kowace da aikin ta: babba ta haska gefe ɗaya na fuska, ƙarama ta rage duhun ɗaya gefen ba tare da ta kashe shi ba, wata daga baya ta zagaye gashi da haske don kan ya rabu da bango. Inuwa a wurin sa kayan aiki ce. Hanci mai faɗi, inuwa za ta rage shi. Fuska mai tsawo, inuwa za ta datse ta. Wannan shi ne salon da irin su George Hurrell su ka yi wa taurarin kamfanin MGM a shekarun 1930, wanda Levon ya haddace daga katunan sa na yarinta.

Bayan an ɗauka kuma sai aikin fensir. Mai karatu na wannan zamani da ya saba da goge fuska a waya cikin daƙiƙa biyu, bari ya ji yadda ake yi a da. A jikin nagatif komai a juye ya ke: abin da ke baƙi a fuska fari ya ke fitowa, fari kuma baƙi. Saboda haka tamoji ko tabon ƙuraje, da ya ke duhu ne a fuska, sai ya bayyana a matsayin ɗan farin layi ko ɗigo. Mai gyara zai ɗora nagatif ɗin a kan gilashi mai haske ta ƙasa, ya feƙe fensir ya yi tsini kamar allura, ya riƙa cike wurin da ɗigo-ɗigo har ya saje da sauran fata. In ya yi kaɗan tabo na nan, in ya zarce fuska ta koma kamar ta roba. Hoto ɗaya na iya cin awoyi. Shi ya sa nagatif ɗin ya kan zama babba, don a samu filin aiki.

A nan ne masu sukar sa ke samun abin faɗa: wai ai wannan ƙarya ce, ba haka mutanen su ke ba. To, ai shi ma bai taɓa cewa shi ɗan jarida ba ne. Wanda ya hau matakalar shagon nan ba don a nuna masa abin da madubi ke nuna masa kullum ya zo ba. Ya zo ne a nuna masa wanda ya ke ji shi ne a ran sa. Kuma wanda ya yi wa kan sa haka sau ɗari huɗu ya fi kowa sanin yadda ake yi wa wani.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa aikin nasa ya wuce kwalliya ita ce hoton Taha Hussein na 1950. Taha Hussein babban marubuci ne, makaho tun ya na ƙaramin yaro, wanda ya yi karatu a Azhar da Faransa, kuma a shekarar ce ya zama ministan ilimi. Ka duba matsalar: duk sirrin hoton fuska a ido ya ke, ga shi an kawo maka mutumin da idon sa ke bayan baƙin tabarau, kuma ba zai taɓa ganin abin da ka yi ba balle ya yaba. Van Leo bai yi ƙoƙarin ɓoye tabarau ɗin ba. Ya bar shi ya zama shi ne tsakiyar hoton, ya bar haske da duhu su ka raba fuskar. Hoton ya zama shi ne wanda aka fi sanin marubucin da shi, ana ta buga shi a littattafai da jaridu, sau da yawa ba tare da an ambaci wanda ya ɗauka ba. Haka kuma ya ɗauki Doria Shafik, matar da ta jagoranci mata su ka kutsa majalisar dokokin Masar a 1951 su na neman 'yancin zaɓe. Mawaƙiya Dalida, wadda aka haifa a unguwar Shubra ta kuma ci gasar sarauniyar kyau ta Masar a 1954 kafin ta koma Faransa, ita ma ta zauna masa.

Daga nan sai ƙasa ta fara juyawa a ƙarƙashin ƙafar sa. Ran 26 ga Janairu, 1952, masu zanga-zanga su ka cinna wa tsakiyar Alƙahira wuta, gidajen silima da otal-otal da kantunan Turawa su ka ƙone, duk a unguwar da shagon sa ya ke. Bayan wata shida sojoji su ka kifar da Sarki Faruk. Titin Fu'ad ma aka sauya masa suna ya koma Titin 26 ga Yuli, ranar da sarkin ya bar ƙasar. Bayan yaƙin Suwez na 1956, da kuma ƙwace kamfanoni da gwamnatin Nasser ta yi a 1961, Girkawa da Italiyawa da Yahudawa da Armeniyawa su ka yi ta ficewa. Waɗannan kuwa su ne da yawa daga cikin kwastomomin sa. Angelo ma ya tattara ya koma Faris a 1961.

Shi bai tafi ba. Ya sha tunanin tafiya, amma kullum sai ya wayi gari ya buɗe shago. Bai yi aure ba, bai tara iyali ba, balle a ce su su ka riƙe shi. Mai yiwuwa wanda aka ɗauko a goye daga wata ƙasa ba ya marmarin sake ɗaure kaya. Mai yiwuwa kuma ya san cewa a Faris ko Amurka zai zama ɗaya ne cikin dubu, alhali a Titin Fu'ad shi ne Van Leo.

Abin da siyasa ta rage, hoto mai kala ya zo ya ƙarasa. Da injinan wanki na zamani su ka bazu, kowa ya sayi 'yar kyamarar sa, a kai fim da safe a karɓi hoto da yamma. Wa zai biya kuɗi mai yawa ya zauna awa guda a ƙarƙashin fitila mai zafi, ya kuma jira kwanaki, don hoto baƙi-da-fari? Van Leo ya tsaya kai da fata cewa baƙi-da-fari shi ne hoto na gaskiya. In ma ana son kala, ya fi son ya shafa ta da hannu a kan hoton, kamar yadda ya yi wa Sherihan a 1976, ta na yarinya cikin shigar kaboyi, tun kafin ta zama tauraruwar shirye-shiryen azumi a talbijin ɗin Masar. A shekarun ƙarshe, mutumin da ya haska fuskar Omar Sharif ya koma ya na jiran masu hoton fasfo.

Taurin kai ne? Ƙwarai kuwa, kuma ya biya kuɗin sa. Da ya sassauta ya rungumi kala kamar sauran abokan sana'a, da ya fi haka samu. Ba kuma daidai ba ne a ce duk laifin na zamani ne, don an yi masu hoto da su ka yi abin mamaki da kala. Shi dai bai so ba ne. Sai dai wannan halin nasa na ƙin sakin abu shi ne ya sa bai zubar da nagatif ɗin sa ba. Shagunan hoto da yawa na zamanin sa in mai su ya mutu ko ya yi hijira, sai magada su share ɗaki su watsar da kwalaye. Shi ya adana nasa shekara da shekaru a cikin shagon, har da na mutanen da ba su taɓa dawowa karɓar hoton su ba.

A 1998, da jiki ya ƙi, ya rufe shagon ya miƙa dukkan abin da ya tara, dubban nagatif da dubban hotuna, ga jami'ar nan da ya bari ya na saurayi. A 2000 aka ba shi lambar yabo ta Yarima Claus ta ƙasar Holan, wadda Samuel Fosso ya samu a shekarar da ta biyo. Wani mai shirya fim ɗan Labanan, Akram Zaatari, ya zauna da shi ya yi masa tambayoyi a gaban kyamara, ya fitar da fim mai suna Her + Him Van Leo a 2001. A ciki za ka ga tsoho mai kaifin baki, ya na ta ƙorafi a kan yadda sana'ar ta lalace. Ya mutu a Alƙahira ran 18 ga Maris, 2002, ya na da shekara 80. Bayan wata huɗu Yousuf Karsh ma ya bi shi. A 2021 maɗaba'ar jami'ar ta fitar da littafi mai juzu'i uku a kan rayuwar sa da aikin sa, mai suna Becoming Van Leo.

Masu binciken da su ka buɗe kwalayen sun tarar taurarin da aka sani kaɗan ne a cikin tarin. Mafi yawa mutanen gari ne: sojan da ke shirin komawa fagen daga, amarya da ango, 'yar rawar da sunan ta ya ɓace tare da gidan rawar, budurwar da ta tara kuɗi ta zo a ɗauke ta sau ɗaya. Fitilun da ya kunna wa Faten Hamama su ya kunna masu, fensirin ma shi ne. Da yawan su har yau ba a san ko su waye ba, sai dai a rubuta shekara a ƙarƙashin hoton, a rubuta Alƙahira.